Taku Saba'in daga Gindin Tsamiya

Haihuwa da nasaba

An haifi Malam Binne a farkon daminar shekarar 1944, a garin kakanninsa, cikin unguwar mahauta, a gidan da ke jingine da bangon mayanka. Mahaifinsa mahauci ne ɗan mahauci, mutum mai ƙarancin magana da saurin hannu, mahaifiyarsa kuwa gawayi take sayarwa a ƙofar gida, kuma shi ne na biyar cikin 'ya'yanta bakwai. Laƙabin Binne bai same shi ba sai da ya haura talatin, amma da ya kama shi sai ya danne sunan yanka, har ta kai matarsa, in ya ɓata mata rai, da shi take kiransa.

Mai wannan rubutu, wanda aka fi sani da Dogo, ya girmi marigayin da damina huɗu, ya yi masa aikin haƙa shekara arba'in da uku, kuma a yau babu wanda ya rage a raye cikin waɗanda suka ga farkon aikin sai shi. Direba ya tafi, mai gadi ya tafi, masu manyan takardu duk sun tafi, wasunsu ma ni na haƙa musu makwanci. Saboda haka abin da na faɗa shi ne tarihi, mai ja ya zo da shaidarsa.

Ƙuruciya da neman ilimi

Tun yana ƙarami aka shaide shi da rashin iya zama wuri ɗaya. A bayan mayanka akwai ramin da ake zubar da ƙashi, can gaba kuma akwai tsohon rami na zamanin kakansa wanda aka cike tuntuni, sai yaron ya lura cewa a bakin sabon ramin ciyawa ba ta fi ta ko'ina ba, alhali a kan tsohon takan yi tsawon da za ta ɓoye akuya. Ya tambayi mahaifinsa dalili, mahaifin ya miƙa masa wuƙa ya ce ya je ya wasa. Shi da bakinsa ya sha gaya mini cewa wannan tambayar ce ya yi ta bi har tsufa.

An sa shi makaranta a shekarar 1951, inda malamin lissafi ya ajiye masa kujera a bakin ƙofa, domin in ya zabura ya fita kada ya tayar da aji. Duk da haka ya kammala firamare a 1958 da sakandare a 1963, ya shiga jami'a ya karanci ilimin ƙasar noma, ya fito a 1967 da sakamako mai daraja. Daga 1968 zuwa 1972 ya yi ƙarin karatu a wata ƙasa mai tsananin sanyi, ya dawo da digirin digirgir, da akwati guda na littattafai, da wani tari da bai rabu da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Kama aiki

A shekarar 1973 aka ɗauke shi aiki a cibiyar binciken ƙasa da tsirrai, gini mai hawa biyu da wani faffaɗan fili a bayansa, tsamiya a wannan gefe, tankin ruwa a wancan. A lokacin ni mahaƙin rijiya ne, an kira ni in haƙa wa cibiyar rijiya, ina ƙasa gaba shida sai na ga kai ya leƙo yana cewa in turo masa kowace irin ƙasa dabam. Na turo, na kuma gaya masa wadda ke riƙe ruwa da wadda ke sakinsa, daga wari kawai da yadda take kama yatsa. Ya gwada a ɗakin gwaji kwana uku ya tarar haka ne. Washegari ya sa aka rubuta sunana cikin ma'aikata. Ban taɓa zama a aji ba, a kan 'yan takardun da ake ɗaura wa jakar ƙasa na koyi baƙi da lamba ina da shekara talatin da uku, kuma har na bar aiki ba a taɓa kama ni da musanya jaka ba, abin da masu digiri suka yi sau huɗu a gabana.

Al'amarin da ya dami Malam kuwa shi ne wani sinadari da ake kira fosforas, wanda ke cikin ƙashi da cikin takin zamani, kuma shuka ba ta yin ƙwari sai da shi. Jar ƙasa takan cafke shi ta riƙe, manomi ya zuba, shuka ta sami kaɗan, saura ya maƙale. Shugaban sashe, wanda muke kira Farfesa, ya tsaya a kan cewa abin da jar ƙasa ta cafke ya tafi ke nan. Malam ya ce ajiya ce ba asara ba, cewa gara da saiwa da wani farin zare mai kama da fumfuna da ke bin saiwa suna kwance shi sannu a hankali, su dawo da shi sama. Sukan yi wannan musu a tsaye a baranda har shayi ya huce a hannun Farfesa, domin Malam nasa tuni ya ƙona harshe da shi ya ajiye kofi. Wata rana Farfesa ya ce a nuna masa a kan ma'auni. Malam ya ce a ba shi shekara arba'in. Farfesa ya yi dariya ya ce mutumin da ba ya iya jiran shayi ya huce ne ke neman shekara arba'in.

Aure da zuriya

A shekarar 1974 ya auri 'yar wani tela, malamar firamare, mace mai natsuwa wadda Allah ya haɗa da miji mai kama da iska. Ta sha faɗa wa matata cewa ba ta taɓa ganin mijinta ya cinye abinci a zaune ba, sai ya ɗauki kwano yana zagaya tsakar gida yana magana da kansa, kaji na biye da shi. Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar tsakanin 1975 da 1987, na uku ya rasu yana goye. Ba ta taɓa shiga ɗakin gwaji ba, amma babu hannun da ya fi nata daɗewa a cikin aikin, kamar yadda za a gani.

Binne jakunkuna

A farkon daminar 1976 aka fara babban aikin. Malam ya ɗauko ƙashin shanu daga mayankar mahaifinsa, aka ƙona, na daka da hannuna, aka cuɗa da jar ƙasa, aka auna, aka zuba a jakunkunan raga na zaren roba wanda ba ya ruɓa, guda talatin da shida, waɗanda uwar yara ta ɗinka a keken mahaifinta cikin mako biyu tana mita. Muka binne su a filin bayan cibiya, layi shida, kowane layi jaka shida, kowane rami zurfin kamu biyu. Tsarin shi ne a tono layin farko bayan shekara ɗaya, na biyu bayan biyu, sannan biyar, goma, ashirin, na ƙarshe bayan arba'in, kowane karo a auna abin da ya rage a jaka da inda sauran ya nufa. Leburori da suka ga babban malami na binne ƙashi yana rubuta masa ranar tashi, su suka laƙaba masa Binne.

An kafa turakun ƙarfe a kan kowane layi, Malam ya zana taswira a wani baƙin littafi. Ni kuwa, da yake mahaƙin rijiya ba ya yarda da takarda, sai na auna da ƙafata ban gaya wa kowa ba. Ka sa tsamiya a bayanka, ka fuskanci tankin ruwa, ka miƙe. Layi na biyar taku hamsin da biyar. Layi na ƙarshe taku saba'in cif. A lokacin ina da ƙafar da in na tafi kasuwa mai keke ba ya riga ni.

Shekarun jira

Tonon 1977 da na 1978 ba su nuna komai ba, jaka ta fito yadda ta shiga, Farfesa ya riƙa tambayar Malam a gaban baƙi ko mamatan sun tashi. Na 1981 ya nuna ɗan motsi. Na 1986 ya nuna kashi ɗaya cikin goma na fosforas ɗin ya fita daga jaka, Farfesa ya ce ma'aunin ne ke da ciwo. A waɗannan shekaru Malam ya yi wasu ayyuka da dama, ya koyar, ya yi tafiye-tafiye, ya rubuta takardu, amma ba ya kwana uku a gari bai taka filin nan ba, ya tsaya a kan layi yana buga ƙafa kamar mai tashin wanda ya makara.

A shekarar 1990 musiba biyu suka zo a haɗe. Masu yankan ciyawa da aka kawo daga waje suka tuge turakun saboda suna karya musu lauje, suka tara su da kyau a gindin bango. Da aka je ɗakin ajiya ɗauko baƙin littafi don a mayar da su, sai aka tarar gara ta shiga akwati ta cinye shi, bango kawai ta bari. Garar da Malam yake yabo a taro ita ta yi masa haka. Ranar ya zagaya ginin har mai gadi ya gaji da gaishe shi. Sai da na bari ya yi laushi sannan na tare shi na ce taswirar tana nan a ƙafata.

Farfesa ya rasu a 1994 yana kan bakansa. A 1996 lokacin layi na biyar ya yi, aka taru, na sa tsamiya a baya, na ƙirga hamsin da biyar, na kafa diga sau ɗaya tak, a kamu biyu ragar ta leƙo. Ba a taɓa yin irin wannan ba, kuma ba za a sake ba. Da aka auna, kashi ɗaya cikin uku ya fita. A ranar Malam ya ce a kawo tef a auna layin ƙarshe a sake rubutawa, ni kuwa na ji abin kamar cin fuska, na ce muddin ƙafata na raye ba ta bukatar mataimaki. Mota na jiransa zai tafi taro, sai ya ce to, ya wuce. A nan aka yi kuskuren, kuma in ana son adalci nasa ne, tunda shi ne mai ilimi.

Ritaya da rashin lafiya

An sallame ni a takarda a shekarar 2000, amma digata ba ta sami labari ba, na ci gaba da zuwa. Malam ya yi ritaya a 2009, a lokacin babbar 'yarsa, wadda na goya tana jaririya, ta riga ta gaje shi a ɗakin gwaji, muna kiranta Mai Awo. Uwar yara ta rasu a 2011, saura shekara biyar a tono jakunkunanta na ƙarshe. A 2015 ciwo ya kama Malam a ƙafafu ya zaunar da shi a keken guragu, kuma ban taɓa ganin jarrabawar da ta dace da mai ita kamar wannan ba. Ƙafa ta tsaya, sai tafiyar ta koma yatsu, yana ta buga hannun keke daga safe har yamma, yana tambayar kwanan wata sau biyar a yini.

Tonon ƙarshe

A watan biyar na 2016 takarda ta zo cewa za a yi gini a filin, katafila za ta shiga ranar ɗaya ga watan bakwai. Likita kuma ya riga ya gaya wa Mai Awo cewa kada a sa rai da wata daminar. Saboda haka aka ce a tono layin ƙarshe ba tare da jinkiri ba, domin in katafila ta bi ta kansa shekara arba'in sun tafi a banza.

Na zo da safe da sandata, na sa tsamiya a baya, na fuskanci tanki, na ƙirga saba'in, na nuna wa leburori. Suka haƙa kamu biyu, babu. Kamu uku, babu. Na ce sun karkace, na karɓi diga na haƙa da kaina a gefe, babu. A rana ta uku Mai Awo ta ja ni gefe, ta durƙusa kamar mai gaisuwa, ta ce, "Baba, ko dai takun ne ya ɗan ragu?" Na ce mata da wannan ƙafar na goya ta zuwa asibiti tun ba ta san sunanta ba, kuma ba ta canza ba. Amma bayan na tafi gida ta sa aka gwada a saba'in da biyar, aka gwada a tamanin, nan ma babu. Cikin mako uku muka haƙa rami goma sha ɗaya. Leburori suka fara tambayata ko rijiya ce na tuna da ita, wani ya ce in ruwa ya fito a sa mata sunana. Kullum Malam na bakin fili a kekensa yana buga yatsu, bai taɓa ce mini komai ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Abinci ya daina shiga mini. Nakan tashi in auna tsakar gidana, in komo in sake aunawa, matata ta ce in na gama ƙirga gidan in gaya mata ko an sace wani ɓangare.

Sai ruwan farko ya sauka, mai ƙarfi, ya cika ramukanmu, aka tsayar da aiki. Aka sake yin wani bayan kwana huɗu. Kwana goma muna zaune ƙasa na caɓi, ciyawa ta tsiro ta rufe filin, saura kwana takwas katafila ta shigo. A wannan rana Malam ya ce a hau da shi bene yana son ganin filin gaba ɗaya ko da sau ɗaya ne. Ginin ba shi da abin hawa sai matakala, muka ɗauke shi da kekensa mu uku, ni na kama gaba, wato wajen nauyi. Muka ajiye shi a bakin taga. Ya duba, ya duba, sai na ji ƙarar yatsun ta ɗauke.

Can gaba da ramukanmu, inda ba wanda ya kai diga, akwai da'ira shida a jere, kowace kamar faɗin faranti babba, ciyawarsu ta fi ta ko'ina duhu da tsawo, da ɗan surin gara a tsakanin ta uku da ta huɗu. Daga ƙasa ba a ganinsu, mun yi ta wucewa ta gefensu.

"Dogo," in ji shi, "sauka ka taka mini."

Na sauka, na sa tsamiya a baya, na taka har tsakiyar ciyawar. Na koma na sake takawa don kada a ce na yi gaggawa. Sannan na hau bene a hankali, domin matakalar ma ta ƙara yawa.

"Nawa?"

"Tamanin da shida, Malam. Filin ne ya miƙe."

"Haka ne," in ji shi. "Ƙafarka ba ta tsufa. Ƙasa ce ke girma."

Ya yi dariya har tsohon tarin ya taso, Mai Awo ta miƙa masa ruwa tana share ido. Da ya lafa sai ya ce da na dace tun ranar farko, da mun kwashe jakunkuna kafin ruwa ya sauka, da ya mutu da lambobi kawai bai ga abin da idonsa ba. Ya ce ga fosforas nan ya fito da kansa, yadda ya gani a bayan mayanka yana yaro. Saboda haka masu tarihi su rubuta cewa wannan gani albarkacin ƙafata ne, ko da ta wace hanya ta bi.

Muka tono duka shida cikin kwana huɗu. Sun fito sakayau, saiwa da farin zare sun saƙe raga, gara ta yi hanyoyi ta ciki, amma ɗinkin uwar yara ko zare ɗaya bai warware ba. Malam ya karɓi ta farko ya ɗora a cinyarsa da lakarta, ya hana a karɓa har aka kai shi mota. Mai Awo ta ɗebi ƙasar sama da ciyawar da surin, katafila ta shigo a ranarta ta tarar da ramuka.

Awo ya ɗauki wata uku. A watan goma ta zo gida da takarda ta karanta masa a gabana cewa kashi biyu cikin uku ya bar jaka, kuma an sami sawunsa a ƙasar sama, da cikin ciyawa, da cikin surin. Ya ce ta sake karantawa, ta sake. Ya ce a aika wa ɗan Farfesa kwafi tare da gaisuwa. Daga nan aka kawo shayi, ya ajiye shi a gefe har ya huce, ya shanye a zaune bai ce a tura shi ko'ina ba. Shekara arba'in da uku ina tare da shi, ranar na fara ganin haka.

Wafati da jana'iza

Allah ya yi wa Malam Binne rasuwa da hantsin wata Talata a watan biyu na 2017, a gidansa, yana cikin shekara ta saba'in da uku, bayan jinyar shekara biyu. An yi masa salla bayan azahar, jama'a ta cika titi, daga ɗalibansa har mahautan unguwarsu. Ni na haƙa kabarin ina da shekara saba'in da bakwai, 'ya'yansa suka ce in bari masu ƙarfi su yi, na ce ba a haifi wanda zai haƙa wa Malam rami ina tsaye ba. Jar ƙasa ce, irin wadda ya yi wa shaida cewa ba ta cin amana.

Ya bar 'ya'ya huɗu: Mai Awo, wadda ke kan kujerarsa a cibiya, mai bi mata, injiniyan ruwa, ta huɗu, ungozoma a asibiti, da auta, wanda ya koma sana'ar kakansa ya buɗe shagon nama. Ya bar jikoki goma sha ɗaya. Jakunkuna shida na ƙarshe suna rataye a ɗakin gwaji, ban da guda ɗaya da Mai Awo ta wanke ta kai gida.

Mai son ziyara ya shiga maƙabarta ta ƙofar gabas, ya sa ƙofar a bayansa, ya fuskanci dogon icen da ke tsakiya. Taku talatin da ɗaya ne da ƙafata ta bana. Wanda ya zo da ƙafar saurayi ya rage shida. Na kuma sa Mai Awo ta auna da tef ta rubuta a wuri biyu, ba don ina shakka ba.

Allah ya jiƙansa, ya haɗa shi da uwar yara a gidan rahama, ya sa ya sami wurin zama ya zauna.